Ƙanena da Kuka Kashe a Labaran Rana

Zuwa ga mai girma Daraktan Rediyo Tauraron Azbin, gatan gaskiya, idon Agadas da kunnenta.

Bayan gaisuwa irin ta girma, ina tuna maka maganarka ta ranar buɗe gidan nan: "Ba za mu taɓa faɗa wa jama'a abin da ba mu tabbatar ba." Ina wurin. Har tafi na yi, Allah ya yafe mini.

Ga ƴan koke-kokena, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. A makon jiya kun sanar cewa ramin zinariya na Alhaji Nasser ya rufta da ma'aikata a daji, kuka jero sunaye, har da ƙanena Saidou. Muka shimfiɗa tabarmi, aka yi masa salatul ga'ib, matarsa Hure ta shiga takaba. Tansiyon mahaifiyarmu, wato hawan jininta, ya tashi, muka kwana asibiti. Muna cikin karɓar gaisuwa sai ga mamacin ya kira waya yana tambaya ko an aika masa da barkonon da ya ce. Ina neman fatawa: Hure ta ci gaba da takabar, ko ta jira labaran gobe?

Na biyu. Na je har ofishinku na tambayi inda kuka samo labarin. Wani saurayi mai waya biyu ya nuna mini saƙon murya daga wani rukunin WhatsApp, da hoton rami. Hoton na san shi, shekarun baya ma ya zagaya, a lokacin an ce wata ƙasa ce. A da wakilinku kan hau babur har Dabaga don ya ga farashin albasa da idonsa. Yanzu babban yatsa ke zuwa daji ya dawo, ko ƙura babu a jikinsa. Madalla da ci gaba.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. A makon nan rami ya rufta da gaske, amma na Alhaji Bashar ne, abokin hamayyar Nasser, Bashar ɗin nan da sunansa ke buɗe labaranku ya rufe su. Ƴaƴan mutane daga Maraɗi da Katsina suka mutu a ciki. Saidou na cikin waɗanda suka tono su. Me muka ji a gidanku? Kiɗa, da tallan sabon injin wankin zinariyar Alhaji Bashar. Ashe a wurinku rayayyen Nasser gawa ne, gawar Bashar kuwa lafiyarta ƙalau?

Na huɗu. Saidou ya dawo gida, amma gari ya fi yarda da ku. Dangi daga Tawa suna ta kiran ta'aziyya, wata maƙwabciya ta gan shi a zaure ta zubar da tulunta.

Abu biyu nake roƙo, cikin ladabi. Ku tashe shi a labaran rana, da muryar da kuka kashe shi. Ku kuma karanta sunayen yaran ramin Bashar, iyayensu su ji an san sun taɓa rayuwa.

Na ba ku zuwa sallar Juma'a. In aka sauko ban ji ba, zan kawo tabarmin nan ƙofar gidan rediyonku mu ƙarasa zaman makoki. Hure za ta dama fura, mamacin da kansa zai karɓi gaisuwa, ni kuma zan ɗauka da wayata in watsa. Ai a wurinku na koyi cewa aikin jarida bai wuce haka ba.

Taka mai biyayya, mai sauraronku har inda haƙuri ya ƙare,

Souwaiba Chaibou,
yayar marigayi, wanda ke gaishe ka.