Yadda Ake Samun Mata da Sitikar Dubai a Ƙofar Karta

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin za ka tashi daga tuzuru ka zama ango ba tare da ka mallaki mota, ko gida, ko cikakken hankali ba. An gwada hanyar a kan idona bara, ta kuma yi aiki.

Wanda aka gwada a kansa shi ne Zainulabideen, ɗalibin fiƙihu da ke zuwa shagona na littattafai a unguwar Darrasa nan Masar ya karance kaya a tsaye ya tafi bai saya ba. Ya ga Tasneem, 'yar Haj Ya'ƙub, Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Arba wa Nus, ya daina gane karatu. Dattijon ya sha sallamar manema. Wannan karon kuwa ya ce wa yaron ba zai ba da amsa ba sai sun yi tafiya tare. Aka sa ranar zuwa bakin teku a Sukhna, aka ce ni, Lawal, in tsaya a matsayin uban yaro, tunda ba ni da kowa a gida da zai tambayi inda na je.

Mataki na 1: Ari mota, ka duba gilashinta

Kada ka damu da inji ko taya. Gilashin gaba za ka duba. Zainul ya ari motar Abdurrahim mai sayar da turare, tsohuwa ce da aka taɓa fasa mata gilashi, aka sa mata na hannu wanda ya zo daga Dubai. A jikinsa akwai 'yar sitika manne, irin wadda can ake liƙa wa mota ta wuce ƙarƙashin na'ura ba tsayawa, na'urar ta karanta ta.

Nan Masar kuwa ka san yadda karta take, wato kuɗin hanya: ƙofa, ɗan ɗaki, mutum a ciki da kofin shayi, da sanda a gicciye. Ka miƙa, ya ɗaga. Wannan bambancin kada ka bari ya shiga kanka.

Mataki na 2: Yi ƙiyasi

Jahili ba zai iya wannan matakin ba, sai wanda ya yi karatu. Zainul ya zauna a shagona ya warware mas'alar da yatsu.

"Malam, asali Dubai, reshe Masar. Illar, wato dalilin, ɗaya ce, ƙofa ce da ke son ta san wa ya wuce. Hukuncin asali ya hau kan reshe. Khalas."

Na ce, "Ka tambayi wani direba?"

Ya ce, "Direba ya karanta usulul fiƙihu?"

Na yi shekaru ina sayar wa malamai littattafai, na lura kuskuren da aka gina da hujja ya fi kowane daɗewa a tsaye.

Mataki na 3: Gwada sau ɗaya, kada ka waiwaya

Bincike yana da kyau matuƙar ka tsaya da zarar ya ba ka abin da kake so. Mun fita gwaji ta hanyar Iskandariyya ranar wata Alhamis. Dab da ƙofa muka tsinci kanmu a tsakiyar motocin 'yan biki, ana ta hon ana guɗa. Wani kawun ango mai tumbi ya tsaya a bakin ɗakin, ya biya wa duk ayarin, ya nuna mu da hannu har da mu. Sanda ya tsaya a sama. Muka wuce.

Zainul bai ga kawun ba, idonsa na kan sitika. Ya yi kabbara, ya shafa ta kamar kan maraya.

"Malam, ka gani? Ko ƙara ba ta yi ba!"

Na gani. Ba a tambaye ni me na gani ba.

Mataki na 4: Cika baki tun kafin a tayar da mota

Ranar tafiya aka sa Haj Ya'ƙub a gaba. Baya kuma ni, da matarsa Hajja Bakhita rungume da tukunyar miyar kuɓewa a cinya, da Tasneem a maƙale jikin ƙofa tana kallon waje kamar ba don ita aka taru ba. Tabarma da murhun gahawa aka ɗaure a saman mota.

A nan za ka saki maganar, a hankali, kamar ba komai ba.

"Baba, ni ai ba na tsayawa a karta."

Dattijon ya juyo. "Ɗan wane ne kai a ƙasar nan, ya waladi, ɗana?"

"Ba ɗan kowa ba, Baba. Ilimi ne." Ya ƙwanƙwasa sitikar da farce. "Wannan duk ƙofar da ta gani buɗewa take."

Hajja Bakhita ta ce, "To Allah ya sa ta san ƙofar gidan haya, mai gidan ya huta da mu."

Tasneem ta ce a hankali, "Yumma, ki riƙe tukunyar da kyau." Ita kaɗai ce a motar ta yi tanadi.

Mataki na 5: Kada ka nemi birki sai ka ga idon mai ɗaki

Hanyar Sukhna ba hanyar Iskandariyya ba ce, kuma ranar babu wanda ya yi aure. Ƙofa ta matso. Sanda na kwance. Zainul ya gyara zama, ya ɗora gwiwar hannu a taga.

"Tana ɗan jinkiri ne kafin ta karanta."

"Ya waladi."

"Yanzu za ka gani, Baba."

"Ya waladi, sandan!"

Ya taka birki da ƙafa biyu. Hancin motar ya shige ƙarƙashi, sandan ya zo ya kwanta a kan gilashi, daidai kan sitikar. Sun haɗu fuska da fuska, bai gane ta ba. Murhu ya gangaro daga sama ya yi gaba shi kaɗai, shi ne kawai ya wuce ba karta. Miyar kuɓewa kuwa ta bar Hajja Bakhita ta dawo kaina, ta sauka a farar rigar da na yi shekaru ina ajiyarta.

Mataki na 6: Kawo hujja

Mutumin kirki a nan zai ba da haƙuri ya biya. Kai kada ka yi. Mai ɗaki ya leƙo, bai ko ajiye shayinsa ba.

"Karta, ya basha."

"Ina da wannan."

"Ta ina ce?"

"Dubai."

"To ka kai ta Dubai ta buɗe maka."

Zainul ya fito. Ya yi masa bayanin asali da reshe da Larabcin littafi, irin wanda ba a ji sai a huɗuba. Ya kafa hujja da ranar Alhamis. Bayanmu layi ya miƙe, hon na tashi, wani direban tirela na ihu, "Yalla ya shehi, ka ƙarasa fatawar a gefe!" Mai ɗaki ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ma'alish," wato haƙuri. "Karta."

A lokacin ne yaron ya waiwayo ya ga Tasneem ta rufe fuska da mayafi, ya ga ƙeyar dattijon na rawa. Hujja ta ƙare masa. Ya tsaya a rana riƙe da ƙofar mota, ya san ya rasa ta.

Mataki na 7: Yi shiru, bar dattijo ya yi magana

Ashe dariya Haj Ya'ƙub yake yi, har da hawaye. Ya fito ya miƙa wa mai ɗaki abin da ake miƙawa, ya dafa aljihun ƙirjinsa inda katinsa na gudun hijira yake.

"Malam Lawal, ka ga wannan? Inda aka ba ni shi sun ce duk ƙofar da ya gani buɗewa take. Na kai shi makaranta, sun ce ba na nan ba ne. Na kai shi wurin neman aiki, sun ce in mayar inda na samo. Ni ma haka nake tsayawa ina bayani, ana hon a bayana." Ya share ido da gefen rawani. "Duk waɗanda suka zo neman yarinyar nan ƙofofi na buɗe musu. Ban san me za su yi ba ranar da ta ƙi. Wannan na gani. Ba shi da wayo, amma bai zagi mutumin ba, bai kuma ce laifin mai mota ne ba."

Hajja Bakhita ta ce, "Haj, miyata fa?"

"Na ba shi yarinyar. Miyar kuma Malam ya riga ya karɓa a madadinsa."

Daga ƙarƙashin mayafi Tasneem ta ce, "Yaba, da sharaɗi. Ni zan riƙa riƙe kuɗin karta."

Sanda ya ɗaga. Zainul ya bi murhu da gudu.

Ba ruwana

Mai wannan rubutu ba zai ɗauki alhakin gilashi, ko murhu, ko fushin mai mota ba. Sitikar wata ƙasa ba ta buɗe ƙofar wata, kuma ba kowane suruki ne ya taɓa tsayawa a gaban sanda ba. Naka yana iya barinka a hamada.

Ba kuma zan ɗauki alhakin nasara ba, ita ce ta fi haɗari. Ni ma na taɓa burge wani dattijo da shirme, aka ba ni 'yarsa Sabuwa, na saba da ita har na daina sanin inda ake ajiye gishiri. Ta wuce wata ƙofa, ta barin duniya, ko rage gudu ba ta yi ba, ni ina nan gaban sanda da duk karatuna, an ce layina bai zo ba. Rigar da miya ta ɓata ita ta ɗinka, tabon kuma bai fita ba.

Idan ka gama karantawa a tsaye, ka sayi wani abu.