Motar Alhaji Ɗanlami Ba Ta Sallama

Matso kusa ka ji wata magana, amma don Allah kada ka kai ta Dawakin Tofa, can ma sun ƙoshi da ita. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da za a kai Ummi ɗakin mijinta a garin. Ummi 'yar yayana ce, ni ce gwaggonta, kuma ni aka ɗora wa raka ta.

Ni dai karatuna bai wuce aji uku ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina tsakar gida zan gaya maka babur ɗin wa ya shigo gari, bas ɗin Tsanyawa ce ko ta kasuwar wani wuri. Mutum kuwa in ya yi magana sau ɗaya a gabana, to na ɗauke muryarsa har da tarinsa (mahaifiyata ta sha cewa wannan baiwar ce za ta kai ni ƙasa, na ɗauka faɗan tsofaffi ne).

Baffan ango, Alhaji Ɗanlami, dattijo ne mai sayar da taki, kuma a lokacin bai daɗe da sayen wata mota ba, irin mai aiki da fetur da batir, wadda yara ke ce wa haibirid. Ranar kawo lefe shi ya ɗauko matan. Ya tsaya a ƙofar gida yana yi wa maza bayanin yadda ake tattalin mai, ni kuma ina bayan katanga ina tsince shinkafa. Babu abin da ya wuce ni. Motarsa ce kuma aka ce za ta ɗauki amarya, don sauran bas ce guda da Keke Napep biyu. Ummi ta ƙwallafa rai a kan motar nan, duk ƙawayenta sun san a cikinta za ta tafi.

Ranar kai amarya muna girki a filin bayan gida, inda darnin kara ne kawai tsakaninmu da hanya. An ce motoci sai dab da magariba. La'asar ta yi, tuwo ya sauka, mata sun miƙe ƙafa. Sai Ladidi maƙwabciyata ta ce, "Gwaggo, don Allah yi mana Alhajin mota."

Na ce, "Ke Ladidi, ki ji tsoron Allah, surukinmu ne fa."

(Ina faɗar haka ina kifa turmi.)

Na kasa kunne tukuna. Ba babur, ba bas, sai kukan akuya. Na zauna a kan turmin na ba darni baya, na ɗauki faifai na riƙe kamar sitiyari, na yi gyaran murya irin tasa.

"Ehem. Ka gane ko, Malam? Ita wannan motar ba a taka mata totur kamar ana kashe kunama. Lallaɓa ta ake yi, kamar ka taka ƙwai. Birki kuma tun daga nesa za ka fara, a hankali, a hankali, don shi ke ba batir abinci. Ka gane ko? Na'urar sanyi kuwa a cikin gari haramun, a sauke gilashi, iskar Allah kyauta ce. Kuma a rage kaya. Nauyi shi ne ke shan mai."

Mata suka kwashe da dariya. Da na tsaya a nan, da da sauƙi, don duk maganarsa ce. Amma daɗi ya kwashe ni, na shiga ƙari daga aljihuna.

"Ehem. Duk wadda ta ci tuwo malmala biyu ta bi bas. Ke Hajiya, cire awarwaron nan, ƙarfe ne. Amarya kuma in za ta yi kuka ta yi shi a gida ta gama, hawaye ma nauyi ne. In mun tashi yanzu, in sha Allahu ranar suna muna Dawakin Tofa. Jakin nan da ya wuce mu, ku ƙyale shi, bai san tattali ba."

Ina cikin juya faifai sai na lura dariyar ta ragu. Ladidi ta sa mayafi a baki, idonta a bayana. Na ɗauka sabon salo take jira, sai na ƙara da ƙarfi, "Ka gane ko?"

Daga bayan darni aka ce, "Na gane, Hajiya."

Wallahi ban ji zuwan motar ba. Ko tsakuwa ban ji ta taka ba. Ashe da yake shi ba ya gudu, tun azahar ya taso, kuma da ya shigo gari sai ya bar ta a kan batir, tana tafiya shiru kamar kyanwa. Gilashi a sauke, kamar yadda na gama sanar wa jama'a. Ga shi, ga ƙannen uban ango mata biyu a baya, darnin kuma iya ƙirji ne.

Na rasa inda zan sa faifan. Sai na ɗora shi a ka (har yau ban san dalili ba). Abin da ya faɗo mini a rai Ummi ce. In mutumin nan ya juya motarsa, da wane baki zan gaya mata? Kuma gidan da za ta zauna ke nan, a ce gwaggonta ce ta yi wa baffan miji wasan kwaikwayo.

Na durƙusa na ce, "Alhaji, sannu da zuwa. An zo lafiya? Ya hanya?"

Ya ce, "Hanya lafiya lau, jakin ma mun gaisa." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai kin bar abu guda. Iskar taya. In taya ta yi laushi, duk sauran wahalar banza ce."

Bai juya ba. Amma da aka fito da amarya ya buɗe ƙofar gaba ya ce nan ne wurina, wai maƙogwaronsa ya gaji, ni zan yi wa mutanen baya bayanin mota tun daga farko. Na ce Alhaji a yi mini rai. Ya ce ai ba za ta tashi ba sai na fara.

Haka na yi ta yi, yana gyara mini inda na kauce. Ummi na cikin lulluɓi kafaɗunta na girgiza, dangin ango suna ta "Yi haƙuri 'yar nan, kowa da haka ta saba." Ni kaɗai na san ba kuka take yi ba.

Yanzu 'ya'yanta biyu, kuma duk gidan Gwaggo Haibirid suke kira na. Abin da na koya shi ne, zamanin da kunne ke tsaron baki ya wuce. Ban daina kwaikwayon mutane ba, ƙarya ba kyau, amma yanzu bango nake jingina da shi, fuskata na kallon hanya.

Kai fa, da kai ne a kan turmin nan, ina za ka sa faifan?