Yadda Tuzuru Zai Kama Haya a Gidan da Ba a Ba Tuzuru

Ka gaji da kwana a shago kan teburin yankan yadi? Bi matakan nan, cikin mako guda makulli na hannunka, ba dillali, ba la'ada. Ƙanena Dogo tela ya gwada, ciki da falo ya samu.

1. Ka yi aure a bakin ƙofa.
Mai gida sai ya tambayi iyali kafin ya tambayi sana'a. Dogo ya sunkuyar da kai ya ƙirƙiro amarya, ya ce tana da kunya, ba ta son fita. Alhaji mai gidan ya sa albarka, ya miƙo makulli.

2. Ka shanya ta.
Matar kirki a igiya ake ganinta. Dogo yakan kwaso zannuwan masu kawo ɗinki ya jiƙa ya shanya, washegari ya goge ya mayar shago. Ka ajiye takalmin mata a ƙofa, amma ka riƙa juya shi. Takalmin da ya yi wata guda yana kallon gabas abin zargi ne.

3. Ka ci rabonta.
Hajiya matar mai gida za ta aiko wa amarya da kwano. Ka cinye, ka wanke, ka ce amarya na godiya, barci take.

4. Kada ka kalli mai kawo kwanon.
Nan Dogo ya saki hanya. 'Yar Alhaji ce, malamar makaranta. Wata takwas yana jiran sallamarta, har ya rame. Ranar da ya furta, ta ce ita ba ta auren mijin wata.

5. Kada ka yi saki.
Dogo ya yi. Ya kwance igiya, ya je ya durƙusa ya faɗi buƙatarsa. Alhaji ya dube shi ya ce:

"Yaro, shekara guda ko tarinta ban taɓa ji ba. Mace mai haƙuri haka ka saka, sannan in ba ka tawa? Ko ka mai da ita, ko ka ba ni makullina. Ba na ba gwauro haya."

Ya mai da ita. Suna nan zaune lafiya. Kayan bikin malama ma shi ya ɗinka, yana yi yana share ido.

Gargaɗi: makulli na yi maka alkawari. Abin da ya biyo baya, kai da matarka ne, ni ba na shiga tsakanin ma'aurata.