Gwanki da Ƙwan Fakara

A Dajin Ruguma ba a gadon mulki, zaɓe ake yi, kuma dabbobin wurin suna taƙama da haka kamar su suka ƙago ruwan sama. Ɗan takara zai tsaya a gindin kuka ya ba jama'a baya, masu sonsa su yi layi a bayansa, ba ya waiwaye sai an gama ƙirga. Haka Kura ta daɗe tana ci, haka kuma tafkin dajin ya daɗe a hannun masu haƙori. Da rani ƙaramar dabba takan sha ruwa, ko kuma ta koma gida da ranta, ba a cika samun biyun tare ba.

Gwanki ya fito takara da magana ɗaya tak: a buɗe tafki ga kowa. Maganar ta shiga kunnen su gada da su kurege, har Kura ta fara rama.

Sai aka wayi gari da labarin wai a shekarar fari Gwanki ya tattake ƙwan Fakara da gangan, yana dariya. Ba wanda ya gani, amma kowa ya san wanda ya gani. Aikin Bodari ne, ɗan tsurut ɗin nan mai wari da ke cin abinci a gidan Kura. Sana'arsa ke nan: ya saki magana, sannan ya bi wanda aka yi ta a kansa ya fesa masa wari, don duk wanda ya shaƙa ya tuna.

Gwanki ya tara majalisarsa. Kunkuru, dattijon tafiyar, ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a biye wa mahaukaci a kasuwa. Ka yi shiru. Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya."

Gwanki ya yi shiru. Kafin wata ya mutu, ƙwan sun ƙyanƙyashe a bakin jama'a, sun zama 'yan tsaki masu kiran uwarsu a ƙarƙashin kofato. Aka ce ai ga shi nan, shiru ma amsa ce.

A zama na gaba Zomo, mai magana da yawunsa, ya miƙe. "Yallaɓai, tsoho ya kai mu ya baro. A fito a musa, a kowane dandali!"

Gwanki ya bi dandali-dandali yana cewa, "Ya ku jama'ar Ruguma, ban taɓa taka ƙwan kowa ba." Waɗanda labarin bai kai gare su ba, a bakinsa suka fara ji. Da ya buɗe baki zai ce tafki, sai wani daga baya ya ɗaga murya, "To ƙwai nawa ne?" Ita Fakarar kuwa ba wanda ya je ya tambaye ta. Gidanta da nisa, kuma muryarta ba ta cika dandali.

Zuwa lokacin Gwanki ya daina jin haushi. Gaskiya ma ya daina jin komai. Yakan ji ana ambaton sunansa kamar sunan wani mamaci da bai taɓa sani ba.

Don haka ranar da Zomo ya ce, "Yallaɓai, rama cuta ga macuci ibada ce. Bodari yana da ƙane, shi ma ciki gare shi, mu ciyar da shi ya fesa wa Kura," Gwanki bai yi gardama ba. Kunkuru ya ja kansa cikin ƙoƙo. Gwanki ya ce, "Ku yi yadda kuka gani."

Wa da ƙane suka kama aiki, wannan ya fesa, wancan ya rama, da yamma su haɗu a gidan uwarsu su ci tuwo. Gindin kuka ya zama wurin da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka.

Ranar zaɓe Gwanki ya tsaya ya ba da baya. Yana jin ƙananan sawu suna tahowa, su tsaya, a yi tari, sawun su koma. Wasu sun daure sun jima kafin su tafi. Bai waiwaya ba, al'ada ta hana. A can gefe kuwa layin Kura sai tsawo yake yi, su ungulu da su dila, masu cin mushe, waɗanda warin bai fi musu ƙamshin girki ba.

Kura ta hau tudu ta yi jawabi. "Ya ku 'yan'uwana, yau Ruguma ce ta yi nasara, ba ni ba. Na yafe wa duk wanda ya ɓata mini suna. Batun tafki kuma, yana ranmu ƙwarai, za mu kafa kwamiti." Aka yi tafi.

Rani ya zo da zafinsa. Wata safiya aka tsinci 'ya'yan Fakara na bana a bushe cikin ciyawa, daidai inda ake hango ruwan tafki. Kafin rana ta take, magana ta zaga daji cewa Gwanki ne ya sake aikatawa.

Yana kiwo Zomo ya zo ya gaya masa. Ya ɗaga kai ya saurara har ƙarshe, sannan ya sunkuya ya ci gaba da cin ciyawarsa.