Lambun Falon Darakta

Shekarar da maigidana ya rasu, sanyi ya shigo da wuri. Tagar ɗakina ba ta rufuwa sosai, ni kuma ba mai kai kuka ba ce. Rannan ina kan keken ɗinki, yatsuna sun ƙage, sai na ji an ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga maƙwabcinmu na hawan sama rungume da wata 'yar hita. Ya ce, "Baiwar Allah, riƙe wannan ki riƙa ɗumama ƙafa." Na yi godiya har da hawaye, kuma har gobe yana cikin addu'ata. Don kada alherin ya lalace a ɓoye, shi da kansa ya bi benen hawa-hawa ya sanar da kowa, har da mai kawo mana gas.

Babban mutum ne. Ya yi aikin ofis har ya kai mataimakin darakta kafin ya yi ritaya, amma saboda sauƙin kansa bai taɓa wahalar da bakinmu da faɗin "mataimaki" ba. Darakta kawai. Shi ne shugaban kwamitin mazauna benenmu tun ranar da aka kafa kwamitin, kuma shi ya kafa shi. Akwai wata kujera mai hannu a ɗakin taro, ba wanda ke zama a kanta sai shi. Idan ƙwan fitilar matakala ya mutu, ba a canzawa sai Darakta ya sauko, hannu a baya, ya tsaya a ƙarƙashinsa ya tabbatar da rasuwar.

A taron farkon sanyin bara ne mai kantin magani na hawan ƙasa, wanda kowa ya san ya daɗe yana yi wa kujerar nan kallon ƙauna, ya yi ƙorafin cewa ɗanyen kayan lambu sun yi wuya, don sanyin garin nan da muke zaune ba ya barin shuka ta rayu a waje. Darakta ya miƙe, ya gyara tabarau.

"Matsalarku ɗaya ce, rashin tsari. Shuka ma'aikaciya ce. In ta samu shugabanci nagari, za ta yi aiki ko ƙanƙara ake zubawa. Kafin sanyin nan ya fita, zan kira ku falona ku ga jan tumatir a jikin uwarsa. In ban yi ba, ku karɓe kujerar nan."

Mai kantin magani ya ce, "Mun ji, ranka ya daɗe. Allah ma ya ji."

Washegari aka fara aiki. Aka tura kujerun falo lungu. Bokitai da gwangwanaye da robobin wanki suka cika ɗakin, kowanne da ƙasa a ciki. Matarsa, mutuniyar kirki mai haƙuri, ta nemi babbar tukunyarta ta rasa, sai ta same ta an shuka karas. Ni ma rabona ya iso. Darakta ya sauko ya ce zai karɓi hitar nan aro na ɗan lokaci, don amfanin al'umma. Na miƙa masa. Abinsa ne. Na ƙara safa a kan safa.

Sauran labarin daga bakin matarsa na ji, don takan sauko ɗakina ta zauna in ina ɗinki, wai ta huta da warin taki.

Ashe Darakta ya tsara lambunsa bisa girma da muƙami. Wanda ya riga tsirowa shi ne babba. Tattasai ne ya fara leƙo kai, don haka aka naɗa shi babban jami'i, aka ba shi bakin taga, aka juya masa hitata, kuma shi ake fara ba ruwa. Alayyafo da latas suka samu tsakiyar ɗaki. Tumatir, da yake ya makara, aka ɗauke shi ƙaramin ma'aikaci, aka ajiye shi bayan ƙofa, inda iska ke shigowa ta ƙasa kuma rana ba ta taɓa kai ziyara ba.

Matar ta ce, "Baban yara, ai tumatirin nan ka yi wa mutane alkawari. Ka matso da shi taga mana."

Ya ce, "Kowa taga yake so. Ni nan sai da gashina ya fara fari kafin a ba ni ofis mai taga. Ya jira lokacinsa."

Kullum da safe akwai taro. Darakta yakan sa hula, ya tsaya gaban bokitai, ya yi jawabi a kan zuwa aiki da wuri. Alayyafo ya yi rawaya, aka yi masa gargaɗi na farko da na biyu. Latas ya kwanta a gaban shugaba, aka ce rashin ladabi ne, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa banɗaki. Karas ne ya fi shan wuya. Darakta ya ce bai yarda da ma'aikacin da ke aikinsa a ɓoye ba, don haka lokaci-lokaci sai ya tumɓuke shi ya duba inda aka kwana, ya girgiza kai, ya mayar da shi cikin tukunya. Da karas ya gaji da bincike, sai ya koma ga Mahaliccinsa.

Tumatir ma bai daɗe ba. Ya yi tsawo siriri yana miƙa wuya wajen hasken da ba a ba shi ba, sannan ya faɗi. Darakta ya ce ya ajiye aiki ba tare da sanarwa ba, kuma wannan halin yaran zamani ne.

Tattasai kuwa, masha Allah. Ya yi ƙiba, ya baza ganye, ya cika taga. Ɗa ko ɗaya bai yi ba, amma kana ganinsa ka ga babba.

Sanyi ya fara sassautawa. Mai kantin magani ya shiga tare Darakta a matakala. "Ranka ya daɗe, ranar girbi kwando zan kawo ko buhu?" Darakta ya ce a bi ta hannun sakatare. Kwamitin ba shi da sakatare.

Sai ga sanarwa, kowa ya hau falon Darakta bayan la'asar. Muka hau. Ya sa tsohon kwat ɗinsa na ofis, wanda maɓallin tsakiya ya daina gaisawa da raminsa. Ɗakin da ɗumi, har na gane numfashin hitata. An rufe bakin taga da farin zanen gado. Darakta ya yi jawabi a kan hangen nesa, da juriya, da maƙiya ci gaba, yana kallon mai kantin magani. Sannan ya yaye zanen.

Ga tumatir nan jawur, manya-manya, suna ƙyalli kamar an goge su da mai. Wasu suka fara tafi.

Mai kantin magani ya matsa kusa, ya sunkuya. "Ranka ya daɗe, wannan ba shi ne tattasan da kake ba mu labari ba?"

"Shi ne. Babban jami'i."

"Ikon Allah. Tattasai ya haifi tumatir."

Darakta bai ko ƙifta ido ba. "Ba ku san aiki ba. A ko'ina, aikin ƙanana da sunan babba yake fita."

Da ya tsaya nan, wataƙila da an bar shi ya sha. Amma sai ya buga hannu a kan bokitin don jaddada magana. Tumatirin da ya fi girma ya zame daga reshe. Bai kai ƙasa ba. Ya tsaya a iska yana lilo a hankali, hagu da dama, mu kuma kawunanmu na bin sa. Matarsa ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Ni na ce kuka take yi, don ban son zargi.

A taro na gaba mai kantin magani ya zauna a kujera mai hannu. Darakta ya ce dama ya daɗe yana son ba matasa dama, mai kantin maganin kuwa jikokinsa sun fara makaranta. Ya naɗa kansa Uban Kwamiti, ya zo da kujerarsa daga gida. Matarsa ta dawo min da hitata ranar da aka fara neman fanka.

Har yanzu in an haɗu a matakala ana gardama a kan abin da ya riƙe tumatirin nan a iska. Ni ban taɓa sa baki ba, ba halina ba ne. Abin da kawai nake tunawa shi ne, ana gobe taron ganin tumatirin, Darakta ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya duba sama da ƙasan matakala, ya rage murya.

"Baiwar Allah, ke mai ɗinki ce. Taimaka min da allura da zare. Kore nake so, mai ƙarfi, wanda zai ɗauki nauyi. Amma don Allah kada ya zama mai sheƙi."