Saƙona Da Ke Hannunku Tun Ranar Talata

Zuwa ga Mai Girma Manajan Kamfanin Sadarwa na Igiyar Zumunci, reshen Kumasi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman gafara da na ɗauki biro na rubuto wa babba kamarka. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a sakandare, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba.

Ranar Talata na ɓata wa ƙawata Fareeda rai, domin na ce sabon tabaranta ya sa ta yi kama da kakanta, Alhaji Brimah. Kunya ta hana ni ba ta haƙuri baki da baki, sai na tura mata saƙo. Ya bar wayata, bai isa tata ba. Kwata ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu.

Na ɗaya: Malam Kamaldeen, mai koya mana kwamfuta, ya ce unguwarmu da tasu yanki biyu ne a wurinku, kuma dole kowane saƙo ya bi babbar wayar da kuke kira ƙashin baya, wadda masu gyaran titi suka datse a Oforikrom, can kan hanyar Accra. Ranka ya daɗe, me ya kai ban haƙurina hanyar Accra? Ko kuɗin motar haya ta trotro ban ba shi ba.

Na biyu: ya ce na'urorinku suna gaisawa duk daƙiƙa goma, abin da ya burge ni ƙwarai. Amma wai idan ɗaya ta yi sallama sau huɗu ba a amsa ba, sai ta sanar wa gari cewa maƙwabciyarta ta rasu. A Zongo mukan leƙa tukuna. Idan tana banɗaki ce fa? Kakata ba ta ji sosai, da a kamfaninku take, da an yi mata ta'aziyya sau tara kafin azahar.

Na uku, wanda shi ne ya sa na rubuto: da na ga kwana uku Fareeda tana wuce ni ba magana, jiya na tsallaka kwatar da ƙafata na ba ta haƙuri. Mun shirya, har mun ci waakye, shinkafa da wakenmu, a kwano ɗaya. To, a ƙarshen wancan saƙon na rubuta cewa ko da yake na yi kuskure, kamannin dai suna nan, musamman ta wajen hanci. Na goge shi a wayata, amma Malam ya ce yana ajiye a wurinku, da zarar an ɗaure waya zai tafi.

Saboda haka ina roƙo, kada ku yi gaggawar gyara. Idan kuma kun gyara, a sanar cewa saƙona ya rasu, tunda kun saba.

In har ya isa gare ta, ina neman izinin sake rubuto maka, domin a lokacin ba ni da sauran wanda zan yi wa magana sai kai.

Taka mai biyayya matuƙa,
Barkisu Muniru,
Zongon Kumasi.