Rasuwar Filin Jiniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, ni Badamasi Mai Toka nake sanar da jama'ar ƙasar Karaye da ta Rogo rasuwar Filin Jiniya, filin ƙwallon da ke bayan tsohon gidan gurzar auduga na garinmu. Ya cika ranar Litinin da hantsi, a zauren Dagaci, bayan doguwar jinya. Ya bar duniya yana da shekara arba'in da shida. Ina wurin aka yi, kuma maganata ce ta ƙarshe da aka ji kafin ya tafi. Zan zo kan wannan, don ban saba ɓoye abin da na yi ba.

An haifi marigayin a shekara ta uku da kafa injin gurza. A wancan zamani motocin auduga kan yi layi tun daga bakin gada, ana sauke kaɗa ana loda dilar gurzajjiyar auduga zuwa masaƙun Kano da Kaduna. Mu fiye da ɗari biyu muke aiki a ciki. Ƙarfe huɗu na yamma jiniya ta yi kuka, sai ka ga maza sun fito fari fat da ƙurar auduga, jini na tafasa, babu wurin huce gajiya sai rigima a bakin kasuwa. Ganin haka manyanmu suka je wurin Malam Ikrima, mai gonar da ke bayan katanga, suka roƙe shi wuri. Ya bayar, amma ya kira shaidu huɗu, ni ne ƙaraminsu, ya ce: “Aro ne, ba kyauta ba. Duk daminar da ta faɗi ta ɗauke ba a busa usur an yi wasa a nan ba, gonata ta koma wa 'ya'yana.” Ba a rubuta takarda ba. Lokacin bakin mutum shi ne takardarsa.

Da fartanya da kwando muka daidaita shi. Ƙarafan raga bututun ruwa ne na kamfani, makerin injin ya haɗa su. Farin layi kuwa nawa ne. Aikina a kamfani shi ne ƙona tarkacen auduga, tokarsa fara sol, ita nake tankaɗewa in zuba a tsohuwar buta mai huji, in bi igiya ina ja, duk ranar Alhamis. Daga nan sunana ya samo asali, har jikokina ba su san ina da wani ba.

Marigayin mai haƙuri ne, an tattake shi shekara da shekaru bai taɓa kai ƙara ba. Bai san ɗan wane ba: ɗan manaja da ɗan mai gadi ƙasa ɗaya suke ci in an sa musu ƙafa. Ya karɓi baƙi daga Zoza da Kwanyawa da Kafin Dafga, wasu a keke, wasu a bayan akori-kura suna kiɗan gwangwani, ya sallami kowa da rabonsa. Yana da aibi, ba zan rufe ba. Kusurwarsa ta gabas tana riƙe ruwa, ta karya ƙafar mutum biyu, kuma ragar yamma ta fi ta gabas faɗi da taƙi ɗaya, abin da mu kaɗai muka sani, shi ya sa kullum muke zaɓen tsaron ragar gabas bayan hutu. Muryarsa har yanzu tana kunnena: wuuu na jiniya, fiiit na usur, tim na ƙwallo in ta daki ƙirjin Sulle golanmu, da “Ta shiga!” wadda mata kan ji daga cikin gida su san tuwon yau da daɗi za a ci shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Ciwon marigayin daga birni ya taso. Masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, aka ce wuta babu, aka ce atamfar waje ta cika kasuwa. Wanda ba ya saƙa me zai yi da dila? Motoci suka ragu, daga layi zuwa uku, daga uku zuwa shiru. Wata Laraba jiniya ta yi kukan tashi, washegari ba ta yi na shiga ba, kuma ba ta sake yi ba. Manoma suka bar auduga suka koma rake da masara. 'Yan gwangwan suka kwashe injin gunduwa-gunduwa, har kwanon rufi. Sun zo wa ƙarafan raga sau biyu, sau biyu ina korarsu da sanda.

Da tokar kamfani ta ƙare, sai na koma bin gidaje ina karɓar ta murhu. Matan gari sun san ranata, kowace takan tara min a kasko. Layi bai taɓa ɓacewa ba, masu takawa ne suka ɓace. Wannan ya tafi Legas acaba, wancan Abuja ɗaukar bulo, wasu ramin zinariya, ba duka suka dawo ba. Waɗanda suka rage sun fi son zama a gidan kallo suna yi wa Turawan da ba su san da zamansu ba ihu. Duk da haka kowace damina mukan lallaɓa a yi wasa ko sau ɗaya ne, ni da Sulle, don mun san abin da ke rataye a kai. Da alƙalin wasanmu ya rasu, usur ya dawo aljihuna.

Ga yadda ajali ya zo. Daminar bara, ana gab da girbi, Sulle ya yi ta zirga-zirga har ya samo alkawarin 'yan Zoza. Na sare ciyawa kwana uku, na ja layi. Ranar wasa mutum biyar suka zo daga Zoza a kan babur biyu, namu shida ne har da mai ɗingishi. Suka shiga suna ta 'yan buge-buge suna jirana. Sulle ya ce in busa kawai, Allah na tuba, wa zai ƙirga? Na ce filin da ya ga sha ɗaya da sha ɗaya, da 'yan kallo har kan katanga, ba zan wulaƙanta shi da biyar da shida in kira shi wasa ba. Na ce su je su cika su dawo mako mai zuwa. Sulle ya ce, “Badamasi, da babu gara ba daɗi.” Na ce masa ni ba a koya min aikina. Mako ya zagayo, na ja sabon layi, na zauna a gindin raga har inuwa ta miƙe, babu wanda ya zo. Bayan kwana tara ruwa ya ɗauke. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Watan jiya Adawiyya ta yi sallama a ƙofar gidana. Jikar Malam Ikrima ce, ita kaɗai ta rage a gidansu. Mijinta Mu'az ya yi shekara goma sha tara a wata masaƙa a Kano, aka rufe aka sallame su, ya yi ta buga-buga har ciwo ya kwantar da shi, Allah Ya karɓi abinSa. Ta dawo gida da 'ya'ya biyar, ba ta da ko kunyar gona ɗaya da za ta shuka. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi iyali da jiki, sannan ta ce, “Baba, ban zo da rigima ba. An ce da kunnenka ka ji abin da kakana ya faɗa. Abin da ka ce shi ke nan.” Na dube ta, na ga iskar da ta kashe mana jiniya ita ce ta koro ta gida.

Kafin zaman, Sulle ya same ni a masallaci bayan la'asar. Ya ce ƙwallo dai an taɓa ta ranar nan, ƙafa ta taka fili, in ce an yi wasa mana, ragowar shaidu uku suna kabari, wa zai ƙaryata ni? Ya ce in na bari aka huɗe wurin nan, ko mutuwa muka yi babu abin da zai nuna an taɓa yin mu a garin nan. Na sani, rabin maganarsa gaskiya ce.

Ranar Litinin Dagaci ya sa na maimaita sharaɗin, na maimaita shi yadda na ji. Ya tambaya ko an busa usur a daminar bara. Usur ɗin yana aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba a busa ba. Ni ne mai busawa, ni na ƙi.” Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ni da furfurata ba zan ci gonar marayu don in ajiye wa tsofaffi abin tunawa ba. Kayan aro ba ya rufe katara, shekara arba'in da shida ya rufe mana, ya isa. A nan marigayin ya cika. Sulle ya ɗauki takalmansa ya fita, tun ranar bai amsa gaisuwata ba.

Marigayin ya bar ƙarafan raga huɗu da sandunansu na sama biyu, ɗaya ya lanƙwashe. Ya bar kofi ɗaya da muka ciwo a Kwanyawa, yana kan kabad ɗin Sulle ana ajiye allura a ciki. Ya bar buta mai huji, da igiya, da usur. Ya bar 'ya'ya da yawa warwatse a tashoshin mota da ramukan ƙasar nan, waɗanda nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sanar da su. Ya bar tsofaffi biyu da ba sa magana da juna.

Jana'iza za ta kasance ranar Asabar da safe, in Allah Ya kai mu, tunda ruwan shuka ya sauka. Liman ya ce ba a yi wa ƙasa salla, don haka babu, sai dai addu'a ga Malam Ikrima da sauran waɗanda suka riga mu. Za a tumɓuke ƙarafa, Adawiyya ta yarda a kafa rumfa da su a ƙofar makarantar allo. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu. Bayan haka shanun huɗa za su shiga daga ragar gabas. Ba a bukatar kuka, wanda zai zo ya zo da fartanya, a taya marayu.

Matan gari su tara min toka kamar kullum, zan ja layi ranar Alhamis, na ƙarshe. Kada a ce tsoho ya zare. Duk manomi ya san abin da toka ke yi wa ƙasa, kuma shekara arba'in da shida ina zuba ta wuri ɗaya. In masara ta kai gwiwa, wanda ya hau tsohuwar katanga zai ga inda ta fi duhu da tsayi, zai ga da'irar tsakiya da gidan gola a cikin shuka. Za a karɓi gaisuwa a kan katangar nan. Sulle, na ajiye maka wuri, kuma usur yana nan. Kafin shanu su shiga, in ka zo, ko mu biyu ne zan busa.

Sa hannu, Badamasi Mai Toka, a madadin waɗanda suka rage.